Wa ke ciyar da birnin? Fashin baƙi kan gina garin ƙirƙira a wasan labari

Wasan da nake magana a kai bai daɗe da shigo mana ba, kuma ta waya ya shigo. Wasu samarin garinmu, nan kudancin Kano, sun fara gwada shi a zaure bayan isha, musamman da rani idan aikin gona ya yi sauƙi. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna. Ɗaya shi ne mai jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa: wannan maharbi, wannan ɗan fatake, wancan almajiri mai yawon neman ilimi. Mai jan labari ya ce, "Kun iso ƙofar gari, rana ta kusa faɗuwa, me za ku yi?" Kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi. In abin mai wuya ne sai a jefa ƙwaya mai lambobi irin ta lido, ita za ta nuna an dace ko ba a dace ba. Wanda ya fi shahara a irin wannan wasa shi ne Dungeons & Dragons, da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, kuma ƙwayar da aka fi saninsa da ita fuska 20 gare ta. Ba a zuba kuɗi, ba wanda ke cin wani. Su can a tebur suke yi, mu tabarma ta ishe mu.

Ya yi kama da tatsuniya, sai dai akwai inda suka rabu, kuma nan ne wahalar take. Mai sauraron tatsuniya ba ya tsayar da kaka ya ce ina Gizo ya samo igiyar da ya ɗaure Kura. A wannan wasa kuwa masu sauraro su ne ke tafiya cikin labarin da ƙafarsu. Za su ce bari mu je wajen mai sayar da hatsi, bari mu haura ganuwa ta bayan gari, bari mu tambayi wanda ke riƙe da makullin ƙofa. In garin da aka shirya musu zane ne kawai ba dalili a ƙarƙashinsa, tambaya ta uku za ta rushe shi.

Dubi taswirorin da ake saukewa daga intanet. Fada mai hasumiya a tsakiya, gidan giya, shagon takubba, bango ya zagaye, daji ya taho har jikin bangon. Gona ko ɗaya babu. Abin da na fi so mai jan labari ya fara tambayar kansa ke nan: mutanen nan me suke ci?

Lissafin ba wuya, kowane magidanci zai iya yin sa. Mu ɗauka kowane kai yana cin buhu 2 na hatsi a shekara. Gari mai mutum 3,000 yana bukatar buhu 6,000 ke nan, kusan buhu 16 kullum, ban da itacen girki, ban da harawar dawaki. A zamanin da ba mota, duk wannan a bayan jaki ko a kan mutum zai shigo. Saboda haka gari irin wannan dole ƙauyuka da gonaki su kewaye shi, dole kuma hanyoyinsa su cika da jakuna tun asuba. Ƙasar Kano ta daɗe a kan wannan tsari: jaki ya shiga birni da itace ko hatsi, ya fito da mangala cike da taki, a zuba a gonakin da ake nomawa shekara da shekaru ba hutu. A Turai ta tsakiyar zamani ma, wato daga wajen ƙarni na 5 zuwa na 15, kusan tara cikin goma na mutane a karkara suke. Mai jan labari da ya san wannan ya riga ya samu rabin labarinsa. 'Yan fashi sun tare hanya kwana goma, mudu ya tashi, masu rumbu sun ɓoye hatsi, sarki ya rasa wanda zai kama. Ba a kira dodo ba tukuna, amma gari ya ɗau zafi.

Wani abin da masu zane ke yawan mantawa shi ne fili a cikin ganuwa. Hugh Clapperton, Baturen da ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, saura gonaki ne da lambuna. Ba sakaci ba ne. In abokan gaba suka yi wa gari zobe, mutanen ƙauye da dabbobinsu ciki za su shigo, kuma sai an ci abinci. Florence ta Italiya ta kammala babbar ganuwarta a 1333 da zaton jama'a za su yi ta ƙaruwa, sai annobar 1348 ta afka mata, filin ya zauna lambuna har ƙarni na 19. Dalilan sun bambanta, amma a duka biyun wanda ya shiga ƙofa gona zai fara ratsawa kafin ya ga gida.

Girma kuma a rage buri. Landan a wajen shekarar 1300 mutum kimanin 80,000 ne, Faris kimanin 200,000, kuma su ne ƙattin zamaninsu. Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta mazaunanta 30,000, adadin da ya ce yakan ninka lokacin da fatake suka cika gari. In Kano da sunanta ya kai Tarabulus haka take, garin da jarumai za su kwana a hanya mutum 2,000 ko 3,000 ya ishe shi. A gari irin wannan baƙo ba ya ɓuya. Kafin ya sauke kayansa an san da zuwansa har gidan mai unguwa.

Sai tambayar me ya sa aka zauna a nan, ba can gaba ba. Kowane tsohon gari yana da amsa. Kano ta taso a gindin Dala, inda akwai dutsen fakewa, da tama ta maƙera, da ruwan Jakara. Haɗeja tana bakin kogi da fadama. Birnin Kudu da Dutse da Rano duwatsu ne suka yi musu katanga. Wani garin mashigin kogi ne ya haife shi, wani kuma zango ne da ayari ke kwana har 'yan koli suka kafa rumfa. Amsa ɗaya za a zaɓa, sauran tsarin garin ya biyo ta. In mashigi ne, Sarkin Ruwa babban mutum ne, kuɗin fito shi ne arzikin fada, damina kuma ita ce lokacin da 'yan kwalekwale ke juya gari yadda suka so.

Kasuwa ma da nata lissafi. Littafin shari'ar Ingila na ƙarni na 13 da ake dangantawa da wani alƙali mai suna Bracton ya ce sabuwar kasuwa tana cutar da tsohuwa in tazararsu ba ta kai mil 6 da kashi biyu cikin uku ba, wajen kilomita 11. Hujjarsa: tafiyar yini mil 20 ce, a raba ta uku, kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na ciniki, ɗaya na komawa gida kafin dare. Mu nan da ranaku aka raba rigimar. Wudil ta ci Juma'a, Ɗambatta Lahadi, Maigatari Alhamis, ɗan kasuwa ya yi ta zagayawa. Garin wasa ya kamata ya samu ranar kasuwarsa, don garin da jarumai suka shiga ranar kasuwa daban yake da wanda za su tarar washegari, rumfuna wayam sai awaki.

Ganuwa ita ce abin da kowa ke fara zanawa, ni kuwa sai an zo nan nake so a taɓa ta, domin ganuwa tsada gare ta, ba a yin ta sai da tsoro. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ce Gijimasu ne ya fara ta Kano a wajen farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, shi ne kuma ya kafa kasuwar Kurmi. Garuruwan kudancin Kano da yawa sun riƙe ganuwarsu da kyau a ƙarni na 19 saboda harin Ningawa. Har yau in ka zaga bayan wasu garuruwanmu za ka ga tudun da ya rage da kwarin ramin da ke bayansa, ana noma gyaɗa a kai. To, ganuwar ƙasa ruwa na cin ta duk damina, dole bayan kaka a fito aikin gayya, kowace unguwa da ɓangarenta. Wannan kyauta ce ga mai jan labari. In jarumai suka ga ɓangare ɗaya ya zube ba a gyara ba, sun san ɗayan biyu ne: ko an daɗe ba a ga yaƙi ba, ko mutanen wannan unguwa sun daina jin maganar fada. Wanne ne? Su je su bincika. Ƙofa kuwa ƙunci gare ta, ana rufe ta da dare, Sarkin Ƙofa yana kwana kusa da ita, kuma shi ya san duk wanda ya shiga da abin da ya ɗauko. Ban ga dalilin da zai sa a bar mutum irin wannan ba suna ba hali ba.

Ƙasar da aka gina ganuwa da gidaje da ita daga wani wuri aka haƙo ta, shi ya sa tsohon gari ba ya rasa kududdufi. A sa su a taswira. Da damina su cika su kawo sauro, da rani a yi tubali a bakinsu, in an rasa yaro nan za a fara dubawa. Kayan gini su ma suna da iyaka: azarar giginya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa a faɗi mai yawa, don haka soro mai faɗi sai an yi masa ɗaurin guga, aikin gwanin magini. Jarumi ya shiga zaure ya ɗaga kai ya ga irin wannan rufi, ya san gidan mai hali ya shigo tun ba a gaya masa ba. Sana'a mai wari ko wuta gefe ake kai ta: majema, maƙera, mahauta. Turawa ma majemansu a ƙasan kogi suke ajiye su, bayan ruwa ya wuce masu sha. Maƙabarta da filin idi a waje. Wannan ba ya bukatar dogon bayani.

Inda na fi ganin kwaikwayon Turai ya cuci wasanmu shi ne masauki. A nasu tsarin, labari a gidan giya yake farawa: baƙi su shiga, su biya kuɗin ɗaki, wani mai alkyabba ya matso ya ba su aiki. A ƙasar Hausa baƙon ɗan kasuwa wajen fatoma yake sauka, ko gidan wani maigida ɗan garinsu da ya daɗe a nan. Mai masaukin shi ke ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba shi bashi, in ya yi laifi kuma shi fada za ta fara nema. Malami ya sauka a tsangaya ko zauren liman, baƙon sarauta a kai shi gidan wani bafade. Wannan ya fi gidan giya daɗin wasa nesa ba kusa ba, domin tun daren farko jarumai sun shiga hannun wani. Suna da mai tsaya musu, wanda zai iya zama mai kai rahotonsu. Sunansa na hannunsu, su kuma asirinsu na hannunsa. Unguwannin Kano sun nuna yadda baƙi ke taruwa wajen nasu: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarbawa, Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna. Ƙaramin gari ba zai samu duk wannan ba, unguwar baƙi ɗaya ta isa, amma a san daga ina suka zo, me suka kawo, wa ke jin haushinsu. Gishirin Bilma ne, ko kanwar Barno, ko goron Gwanja? Me kuma garin ke bayarwa a madadi? Kura ta yi suna da rini har Buzaye na neman rawaninta daga cikin Sahara. Garin da ke da sana'a ɗaya irin wannan ya samu kamanni: hannayen mutane shuɗi, ƙarar mabuga tun safe, fada na karɓar kuɗin karofi.

Batun kuɗi akwai abin dariya. A wasannin Turawa jarumi na zuba tsabar zinariya ɗari biyar a aljihu ya hau doki. A Kano ta zamanin Barth wuri ake kashewa, wajen 2,500 a dala ɗaya ta azurfa, kuma keso guda wuri 20,000 ne, kayan ɗan dako sosai. Jarumai sun kashe ɗan fashi sun sami wuri 200,000 a kogo, keso goma ke nan. Sai su nemo jakuna, su bi ta ƙofar da Sarkin Ƙofa ke zaune, su yi bayanin inda suka samo. Wuri bai yaɗu a nan ba sai wajen ƙarni na 18, don haka wanda ya kafa labarinsa a zamanin Rumfa sai ya koma ga musaya da tufafi da gishiri da dawaki, wanda ya fi wuri wahalar ɓoyewa.

Mulki kada a bar shi a hannun mutum ɗaya, ko mugu ko adali. Kafin zuwan Turawa yawancin hakiman Kano a birni suke zaune, jakada suke aikawa ya karɓo haraji daga garuruwansu. Ga rigima a shirye: mai gari yana zaune da mutanensa, jakada yana zuwa da buƙatar ubangidansa da tasa ta kansa a sama. Ga alƙali, ga liman, ga Sarkin Fawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Kasuwa, kowa da jama'arsa. Ga Korama a wajen masu awo, wadda ta san farashin gero kafin fada ta sani. Ga 'yan mata masu talla da ke shiga gidajen da namiji baƙo ba ya wuce zaurensu, su fito da labarin ciki. Uku daga cikin waɗannan sun isa, in dai abin da ɗaya ke so yana taka ƙafar ɗaya. Akwai kuma abin da bai kamata a share ba: arzikin garuruwan wancan zamani da yawa a kan bayi ya tsaya, da rinjin da suke nomawa a bayan gari. Mai jan labari yana da ikon ƙirƙiro duniyar da babu bauta, amma sai ya faɗi wanda ke noma gandun sarki a madadinsu.

Sai abin al'ajabi, wanda shi ya sa ake kiran wasan na ƙirƙira. Misali mafi kyau yana cikin labarin da kowane ɗan firamare ya sani. Macijin rijiyar Kusugu a Daura bai cinye gari ba, bai ƙone fada ba. Hana ɗiban ruwa ya yi sai ranar Juma'a. Ka tsaya ka auna abin da wannan ke nufi: kowane gida da manyan randuna, maginan tukwane sun yi kuɗi, ranar Alhamis baƙo ya roƙi ruwa a hana shi, ba don rowa ba. Abin da ya faru da Bayajida ke nan a gidan tsohuwar da ta sauke shi. Kuma kafin ya iso sai da ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Dodo ɗaya, doka ɗaya, rayuwar gari duka ta lanƙwasa ta bi ta. Haka ya kamata a yi da duk wani abin al'ajabi da aka saka. In akwai mai iya kiran ruwan sama, wa ke biyansa, kuma garin da ke maƙwabtaka da aka janye wa hadari me zai yi? In akwai halittar da ke tashi sama, ganuwa ta rage amfani, kuɗin sai ya koma ga rufin soro da maharba. In matattu na tashi, ba mai barin maƙabarta a bakin ƙofa. Kuma abin ya yi ƙaranci. Garin da kowane lungu ke da mai sihiri ba wanda zai yi noma a cikinsa. Nan gida akwai wani ƙarin dalili: zaure ne na Musulmi, wani zaman ba zai so a sa masa boka a matsayin jarumi ba. A tambayi 'yan wasa tun farko. Aljanin kuka da dodon ruwa irin na tatsuniya sun wadatar, ba sai an taɓo abin da zai ɓata wa wani rai ba.

Bari mu haɗa guda a gani. Gari ne a bakin mashigi, mutum wajen 2,500, arzikinsa fito da rini. Shekara uku ke nan wani abu ya tare a gurbin kogin, ba ya barin kwalekwale ya ƙetare sai an jefa masa baƙin bunsuru. Sarkin Ruwa ne kaɗai ya san yadda ake yi, don haka kuɗin fito ya ninka, shi kuma ya yi sabon soro. Fatake sun fara zagayawa ta wani mashigin, fatoma ya rasa baƙi, marina sun rasa masu saye, ɓangaren ganuwar da ke hannun unguwar marina ya zube ba su gyara ba. Jakada na nan tafe bayan kaka, kuma ubangidansa bai rage ko wuri ɗaya ba. Liman ya yi huɗuba a kan bunsurun, mai gari ya yi kamar bai ji ba, don 'yarsa na gidan Sarkin Ruwa. Jarumai sun sauka a gidan fatoma. Da dare zai ce musu, "Samari, in kuka raba mu da abin nan, kun gama mini komai." Da safe Sarkin Fawa, wanda ke sayar da bunsuran, zai aiko musu da tsire da gaisuwa.

Duk wannan shafi ɗaya ne na littafin rubutu. Ba a bukatar sunan kowane lungu ko tarihin sarakuna arba'in, 'yan wasa ba za su tambaya ba, in sun tambaya ma dalilan da aka riga aka shimfiɗa za su ba da amsa nan take. Abin da ake bukata shi ne mutum biyar ko shida, kowanne da abin da yake so, da abin da yake tsoro, da wata alama da za a tuna shi da ita, ko tari ne ko yawan rantsuwa. Sai kuma a bar fili a ƙasan shafin, domin bayan jarumai sun kashe abin da ke kogin za a rubuta sabon hali: fito ya yi araha, fatake sun dawo, Sarkin Ruwa ya rasa abin biyan maginansa, kuma shi ne surukin mai gari, wanda jarumai za su nemi izininsa kafin a buɗe musu ƙofa su fita.